Ɗigon Jan Farce a Gindin Kofi

A gindin kofin na ga ɗigon. Ja ne, ɗan mitsitsi kamar kan ashana, kofin kuma an kife shi can saman firji shi kaɗai, nesa da 'yan uwansa da ke jere cikin kabad mai gilashi. Ruwa kawai na shiga kicin ɗin in ɗebo wa Mimi. Na ce a raina wata ce ta shafa jan farce, bai bushe ba ta taɓa kofi. Na ɗebi ruwana na fito. Da na san abin da ɗigon nan yake nufi, 'yan uwa, da tun a lokacin na saɓi 'yata na nemi ƙofa.

Bari in ɗan koma baya, saboda na ga akwai sababbin masu karatu.

Ni ba mai magana ba ce. Tun a jami'a ƙawayena ke kirana rediyo mara batir. Ilimin ƙwayoyin cuta na karanta, shi ne kuma aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a ƙasar nan da muke baƙunta. Daga safe zuwa la'asar daga ni sai kwalaben jini da na'urar da nake leƙawa, babu mai tambayar ra'ayina, ni ma hakan ya fi mini. Aikin baban Mimi ne ya kawo mu nan. Mimi tana rarrafe Allah Ya karɓi abinsa. Kowa ya zaci zan tattara in koma gida, sai na zauna, saboda aikin, saboda kuma Dada.

Ba sunanta ke nan ba. Mimi ce ta kasa faɗin sunan ta mayar da shi Dada, ya bi ta har ni ma na ɗauka. Ita ma baƙuwa ce a nan, daga wata ƙasa daban, ta baro ɗanta wajen mahaifiyarta ta zo aikin raino. Ta girme ni. A ɗan ɗakin da ke jikin kicin take kwana. Lokacin da ko tashi daga gado ba na iyawa, ita ke yi wa Mimi wanka, ta goya ta, ta ajiye mini shayi a bakin ƙofa ba tare da ta tambaye ni komai ba. A hannunta Mimi ta fara tafiya. Da harshen ƙasar nan muke magana, nawa gurgu nata gurgu, amma muna fahimtar juna sarai. Hausa kuwa 'yan kalmomi ta tsinta a bakina: zo, sha, barci, sai kuma ƙazanta, wadda nake faɗa idan Mimi ta tsinci abu a ƙasa za ta kai baki. Dada har ta fi ni iya faɗinta. "Ƙazanta! Yar!" Sai Mimi ta yar, su kwashe da dariya su biyu.

Umma dai ba ta taɓa kwantar da hankalinta da zamana ba. Kullum muka yi waya maganar ɗaya ce.

"Auta, mace da ƙuruciyarta, ita kaɗai da ƙaramar yarinya a ƙasar mutane? Ko ki yi aure ko ki tattaro ki dawo. Na gaji da amsa tambayar dangi."

Yayana ne ya kawo Injiniya, abokinsa tun na makaranta, a garin nan yake aiki. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya fara shiga raina. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. Ya saya wa Mimi keke mai ƙafa uku. Kowace safiya kafin in kai asibiti saƙonsa ya riga ni: "Maman Mimi, an tashi lafiya? A kula mini da kai." Da hoton fure ja. Mace da ta daɗe babu mai ce mata a kula da kai ta san abin da nake nufi.

Saura mataki ɗaya, in ji shi: in je in gaida Anti. Ita ce babbar yayarsa, ita ta raine shi, ita ce kuma shugabar guruf ɗin matanmu na garin nan. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mijinta babban manaja ne, ban taɓa ganinsa ba sai a hoton bango.

Ana saura kwana kaɗan saƙon muryarta ya shigo, ina tsaye ina sa safar hannu.

"Ƙanwata, ko in ce amaryarmu! To ranar hutu muna jiranki, na gayyato 'yan uwa su gan ki. Ki taho mini da 'yar aikin nan taki ta kama wa tawa aiki. Haka muke yi a nan, aron juna muke, kada ki ji komai. Wancan karon ma ta matar likita aka ba ni, sai dai ba ta da sauri. Ki ce mata ta sa kaya masu duhu."

Na saurari saƙon har sau biyu. Aro. Kamar tukunya ko tabarmar taro. Ranar nan kuwa ita ce ranar hutun Dada guda ɗaya tak. A ranar take sa rigarta mai furanni, ta tafi lambun shaƙatawa wajen 'yan ƙasarsu, su baje a ciyawa, ta kira ɗanta ta bidiyo ya nuna mata haƙorin da ya faɗi. Na rubuta wa Anti, "Ranar hutunta ce." Na goge. Na rubuta, "Zan tambaye ta." Na goge. Abin da na tura shi ne, "To Anti, in sha Allah."

Da na dawo gida na tarar da Dada tana tsefe wa Mimi kai. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ta ɗago ta dube ni, matsefi a bakinta.

"Don mutumin nan mai turare?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba komai, Madam. Zan kira ɗana wata ranar." Ta ci gaba da tsifarta.

Ranar na sa leshi ruwan toka da mayafi mai ɗan duwatsu a gefe, ɗan kunnen da baban Mimi ya saya mini na ɗauka na mayar, na sa wani. Mimi ta sha farar riga mai baza da ribbon biyu a gashi. Dada ta fito cikin baƙin siket da baƙar riga, rigarta mai furanni na hango a rataye bayan ƙofar ɗakinta, har ta goge ta.

Injiniya ya buɗe mini ƙofar mota, ya ɗaga Mimi sama ya juya ta. Dada ta gaishe shi. Ya duba agogonsa. Na ce wataƙila bai ji ba.

Gidan Anti bene ne mai faɗi, falon kamar ɗakin taro, kujeru masu ruwan gwal, labule hawa uku, ƙamshin turaren wuta da na girki sun haɗu har ya hau kai. Tun daga ƙofa ta rungume ni, awarwaronta na ƙara a kunnena. Ta ja kumatun Mimi. Sannan ta nuna wa Dada wata ƙofa a gefen gida da baki, ko kallon fuskarta ba ta yi ba.

"Ta can za ta bi, ta kicin."

Mimi ta bi Dada da ido. Na riƙe hannunta da kyau.

Mata sun kai goma a falon, kowace da wayarta a hannu da jakarta a cinya. Aka dube ni daga ɗankwali har takalmi. Aka tambaye ni makarantar da na yi, da unguwar su Umma, da ko leshin nan a nan na saya. Ina amsawa da kalma ɗaiɗai. Da suka ga ba za a samu hira a wajena ba sai suka koma hirarsu, hirar kuwa ɗaya ce.

"Tawa fa sai na ƙirga ƙwai kafin in fita."

"Ke dai bari. Ni kyamara na sa a kicin, na ce mata na'urar kama hayaƙi ce."

"Ni tawa kuka take wai ɗanta ba lafiya. Na ce ni na haifa miki?"

Aka kwashe da dariya. Mai maganar tana sakace da farcenta, ta duba abin da ta ciro, ta mayar baki. Wata ta zaro jan baki daga jaka ta shafa, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta shafa, ya zagaya mutum huɗu har da Anti. Ni da na san abin da ke rayuwa a leɓen ɗan Adam sai na mayar da idona kan kafet.

A nan ne Mimi ta ce ƙishirwa, na shiga kicin na ga kofin nan mai ɗigo. Dada na tsaye gaban famfo, hannunta cikin kumfa har gwiwar hannu, 'yar aikin Anti, wata siririya mai tsoron inuwarta, tana yanka kaza. Ina fitowa na ci karo da Anti za ta shiga. Ta ja ni muka koma.

"Zo ki ga tsarin gida, tunda kin kusa zama tamu."

Ta buɗe tukunya, ta ɗebo miya da ludayi, ta kurɓa, ta lashe leɓe, ta mayar da ludayin cikin tukunyar ta juya. Miyar da za mu ci ke nan. Sannan ta miƙa hannu saman firji ta sauko da kofin, ta riƙe shi da yatsu biyu, ta juyo mini gindinsa.

"Kin ga wannan? Nasu ne. Cokalinsu ma akwai, da faranti. Duk abin da kika ga ɗigon ja, ba na mutanen gida ba ne. Duk gidajenmu haka muke yi, ni na koya wa kowa. Jan farce ba ya fita da wanki. Ke a gidanki yaya kike bambantawa?"

"Ba ma bambantawa, Anti."

Ta saki baki. "Ke da kike aikin asibiti? Ikon Allah. To za ki koya."

Dada ba ta juyo ba. Hausa ce, ba ta ji duka ba, amma ai kofi ba ya bukatar fassara.

Aka baje abinci a babban teburi. Injiniya ya shigo ya gaida matan, suka yi ta tsokanarsa, ango ango, yana murmushi yana shafa gemu. Ya zauna a gefe da farantinsa yana satar kallona. Na sa cokali a miyar nan na kasa kaiwa baki, na yi ta tura shinkafa daga wannan gefe zuwa wancan. Ina cikin haka na duba ban ga Mimi ba.

Na san inda za ta. Na tashi, Anti ta biyo ni tana cewa a ƙaro lemo.

A ƙasan kicin muka same su, a dab da ƙofar baya. An ba su Dada abincinsu a can, babu kujera. Dada ta miƙe ƙafa, Mimi na zaune a cinyarta da farar rigarta, ta riƙe kofin da hannu biyu tana shan ruwa, Dada ta tallafe mata gindinsa kada ya zube. Haka suke yi a gida kullum. Ɗigon jan yana kallonmu.

Ihun da Anti ta yi sai da matan falo suka taso.

"Innalillahi! Ƙazanta! Ƙazanta! Tofar, tofar da shi!"

Ta fizge kofin, ruwa ya wanke wa Dada riga. Ta jefa shi kwandon shara. Ta finciko Mimi daga cinyar Dada ta tsayar da ita. Sannan, 'yan uwa, ina tsaye ina kallo, ta lashi babban yatsanta, ta jiƙa shi da yawunta sosai, ta shiga goge wa 'yata leɓe da shi. Ta sake lasa, ta sake gogewa. Yatsan da ta gama yagar kaza da shi. Jan bakin nan da ya zagaya falo ya bar wa Mimi shaida a haɓa.



Mimi ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsaya mini ke nan. Ta buɗe ido tana kallon Anti, ta kalli kwandon shara, ta kalli Dada. Na ga tana haɗa abubuwan a kanta kamar yadda take haɗa kayan wasanta. Daga ƙarshe ta kalle ni. Dada ma ni take kallo. Kalmar nan tana cikin 'yan kalmomin da ta sani.

Me na ce? Na buɗe baki, na ga fuskoki goma a ƙofar kicin, na ga Injiniya a bayansu ya fi kowa tsawo, na tuna muryar Umma. Na ce, "Yi haƙuri, Anti. Yarinya ce, ba ta sani ba."

Anti na ba haƙuri. Ku ji fa.

A mota Mimi ta yi barci a kafaɗar Dada. Injiniya yana tuƙi da hannu ɗaya yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Anti ke nan. Tana da zafi, amma tana da gaskiya. Ta ce kin yi mata, kina da kunya. Abu ɗaya ne kawai." Ya ɗaga ido ya dubi madubi. "Wannan ta saba da ku da yawa. In mun tare, Anti za ta samo mana wata ta hannun kamfani, wadda aka horar ta san matsayinta. Yaro ba ya wuyar mantuwa, sati biyu ta manta da ita."

"A hannunta ta tashi," na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

"Shi ya sa."

Ya ƙara sautin rediyo. Turarensa da nake so ya cika motar, na sauke gilashi.

Ko mayafi ban cire ba Umma ta kira. Har labari ya riga ni isa.

"Auta, Allah Ya yi miki albarka! Yayarsa ta kira ni da kanta, ta ce tarbiyya ta yi. Ki dai riƙe bakin nan naki yadda kika saba."

"Umma, akwai abin da ya faru a gidan."

"Maganar 'yar aiki? Ta faɗa mini. To uwarki ce ita ko ƙanwar ubanki? Kada ki kuskura ki watsar da mutum kamar wannan a kan mai aiki. Kin ji ni?"

"Na ji."

A guruf ɗin matan kuwa an riga an sa ni. Hotunana sun fi ashirin, ina murmushi kamar wadda haƙori ke damu. A ƙasan ɗaya Anti ta rubuta: "Amaryarmu, saura a koya mata tsarin gida." Aka bi da fuskokin dariya.

Washegari kafin in fita na tsaya a ƙofar kicin. Na shirya magana tun ina wanka, na jera ta da harshen ƙasar nan kalma bayan kalma. Dada na yanka burodi. Na ce, "Dada." Ta ce, "Madam." Na ce, "Sannu da aikin jiya." Shi ke nan abin da ya fito. Na koma ɗaki na ɗauko wani sabon mayafi shuɗi da ban taɓa sawa ba na miƙa mata. Ta goge hannu ta karɓa, ta ce ta gode, ta ajiye shi a kan kujera yadda yake a ninke.

Ta sunkuya ta sumbaci Mimi a kumatu kamar kowace safiya. Mimi ta sa bayan hannu ta goge wurin. Dada ta gani. Ni ma na gani. Na ɗauki jakata na ce na makara.

Ranar a wajen aiki na yi ta liƙa wa kwalabe lamba. Jinin manaja da na mai shara launinsu ɗaya a ƙarƙashin na'urata, kullum ina gani, amma wannan ilimin bai buɗe mini baki a kicin ɗin Anti ba.

Bayan kwana biyu saƙon Injiniya ya shigo da rana: "Zan biyo da yamma in ga 'yata. Akwai albishir, an fara maganar rana." Da fure ja.

Ya zo da la'asar cikin farar shadda, da kwalin alewa. Falona ƙarami ne, kujeru biyu da teburi, da kwandon kayan wasan Mimi a lungu. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kallon bangon da Mimi ta yi wa zane, ya ce gidan da zai kama mana yana da ɗakin wasa. Mimi na kwance a kafet da alƙaluman kalarta. Dada ta kawo tire, kofuna biyu, ta koma ɗauko butar shayi.

A gidanmu babu mai kofin kansa. Sai dai akwai wani babba, kore, mai ɗan tsagu a hannu, wanda Dada ta fi so saboda yana riƙe zafi. Ni ma ina sha da shi in na riga ta. Ban lura da lokacin da Mimi ta tashi ba. Sai ganinta na yi ta fito daga kicin da koren kofin a rungume, jan alƙalami a ɗaya hannun, murfinsa a baki. Ta tofar da murfin. Ta zo gabana ta juyo mini gindin kofin, fuskarta cike da alfahari irin na ranar da ta fara zana da'ira.

Ɗigo ne ja, ƙato, ta murza shi sosai.

"Mami, duba! Na Dada."



"Kar ki sha, Mami." Ta yamutsa ɗan hancinta, daidai yadda Anti ta yi. "Ƙazanta."

Dada na tsaye a ƙofar kicin da butar shayi a hannu. Tururi na tashi ta gaban fuskarta. Ta tako a hankali, ta zuba wa Injiniya, ta zuba mini, ko ɗigo bai zuba a tire ba. Ta ajiye butar ta koma ciki.

Injiniya ya tuntsire da dariya har yana tafa cinya.

"Kai, yarinyar nan akwai kai! Gani ɗaya ta ɗauka. Zo nan, 'yar Baba, zo ki karɓi alewa. Bari in ɗauki hoto in tura wa Anti."

Ya zaro waya. Na dube shi, na dubi farar shaddar, da agogon, da haƙoransa masu kyau, na rasa abin da na taɓa gani a jikinsa. Ƙyamarsa nake ji, da ta yayarsa, da ta matan falon nan, amma wadda ta fi nauyi tawa ce. Anti rana ɗaya ta faɗi kalmar nan a gaban Mimi. Ni ce na tsaya na ba da haƙuri, na nuna mata gaskiya ne.

Na karɓi kofin daga hannun Mimi. Na ɗauki shayin da aka zuba mini na juye shi cikin koren kofin.

"Maman Mimi, me kike yi haka?"

Na kafa kai na sha. Da zafinsa, ya ƙone mini harshe, ban sauke ba sai da na ga gindinsa. Na ajiye shi a tsakiyar teburi da ƙarfi har cokula suka yi tsalle. Na durƙusa gaban 'yata.

"Kofin Dada kofina ne. Kofinki ne. Dada ba ƙazanta ba ce. Wanda ya faɗa miki haka ƙarya ya yi."

"Yayata kike ce wa maƙaryaciya?" Murmushin ya ɓace daga fuskar Injiniya. Wayata ta fara ruri a kan kujera, sunan Umma na haskawa.

Ban ɗauki wayar ba. Juyawa na yi wajen ƙofar kicin, don ita nake so ta gani, ita nake so ta ji. Babu kowa a wurin.

"Dada?"

Kicin fes, an goge ko'ina, an rataye tsumma. Abincin yamman Mimi yana kan kantar kicin a rufe, an yayyanka shi ƙanana yadda take so. Ƙofar ɗan ɗakin a buɗe, gado a gyare, rigar nan mai furanni ba ta bayan ƙofa. A kan kujera shuɗin mayafin yana nan a ninke yadda na ba ta, makullin gida a samansa. Ƙofar baya ta kicin, wadda ke fita kan matakala, an jawo ta a hankali har ba mu ji ƙararta ba.

Na ruga taga na yaye labule. Mimi ta biyo ni tana jan zanena, na ɗaga ta. Can ƙasa Dada na tsallaka titi da ƙaramar jakarta a kafaɗa. Duk ranar da za ta fita, a gindin fitilar nan ta kan titi take tsayawa ta ɗago kai ta ɗaga wa Mimi hannu. Mimi ta manna tafinta a gilashi, jan kala duk a yatsunta, tana jira.

Dada ta kai gindin fitilar, ta gyara igiyar jakarta, ta wuce.